Littafin 'Yan Rakiya: Yadda Aikinmu da Masu Sankarar Mama Yake Tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zamanmu na farko a falon Yaya Babba, a nan Gusau, mu bakwai, kuma an ɗora mini nauyin rubuta duk abin da muka yi daga yau, domin kada maganar ta bi iska. Biyar daga cikinmu mun gama maganin sankarar mama, biyu kuma suna tsakiyarsa. Ni kaina an cire mini maman hagu a shekarar 2021, an yi mini kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sawa ta jijiya, sau takwas, an yi mini gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura, yanzu kuma na shiga shekara ta huɗu ina shan ƙwayar tamoksifen kullum domin rage haɗarin dawowar ciwon.

Abin da muka tsayar shi ne, duk macen da likita ya tabbatar mata da wannan ciwo, idan ta yarda, za mu haɗa ta da mace ɗaya daga cikinmu wadda ta riga ta bi hanyar. Yaya Babba ce ta raɗa sunan, ta ce tunda ba a kai amarya gidan miji ita kaɗai, bai kamata a bar mace ta shiga ɗakin kimo ba tare da 'yar rakiya ba. Mun ɗauki alkawari cewa ba za mu rubuta wa kowa magani ba, ba za mu sayar wa kowa da komai ba, kuma abin da aka faɗa a falon nan ba zai tsallaka ƙofa ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, wadda muke kira Sista, ta amince ta riƙa zama tare da mu domin ta gyara mana idan mun kauce.

Sista ta karanta mana ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 670,000. Ta ce a ƙasashen da ke da ƙarfin asibiti mafi yawan masu ciwon suna rayuwa, kuma abin da ya raba mu da su shi ne zuwa da wuri da kuma gama magani. Ba mu da kuɗin da za mu biya wa kowa aikin tiyata, amma muna da ƙafafu da wayoyi, saboda haka gama maganin nan shi muka ɗauka a matsayin aikinmu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yau ce ranar tunawa da cutar daji ta duniya, kuma yau aka haɗa ni da mace ta farko da zan raka. Shekarunta talatin da ɗaya, tana da yara biyu, kuma da yake ita ce ƙarama a cikinmu mun sa mata suna Auta. Ta ji ƙullutu a mamanta na dama tun tana shayarwa, aka ce mata nono ne ya daskare, ta yi wata takwas tana shafe-shafe da shan jiƙe-jiƙe kafin ta je asibiti, lokacin kaluluwa ta riga ta fito mata a hammata.

Ta zo da takardar gwajin tsoka a naɗe cikin gefen zaninta, ta zauna a bakin gado ba ta ce komai ba, sai can ta ɗago ta ce, “Yaya, surukata ta ce daji ba ya son ƙarfe, duk wadda aka yi wa allura ko aka yanka ba ta tashi.” Na san wannan magana, domin ni ma an faɗa mini ita, kuma na san ba da mugunta ake faɗar ta ba. Mutane sun ga matan da suka je asibiti bayan ciwon ya bazu zuwa ƙashi ko huhu, aka yi musu aiki, ba a jima ba suka rasu, sai aka ɗora laifin a kan wuƙar likita alhali jinkirin ne ya ci su. Amma na ga cewa a wannan lokacin bayani ba zai shige ta ba. Na tashi na sakaya ƙofa, na cire hijabi, na buɗe rigata na nuna mata tabon da ya ratsa ƙirjina daga tsakiya zuwa hammata. Ta dube shi tsawon lokaci, sannan ta miƙo yatsa ta taɓa shi a hankali, ta tambaye ni ko yana ciwo. Na ce mata a'a, wurin ma ba ya jin taɓi sosai, kuma shekara huɗu ke nan ina girki, ina koyar da ɗinki, na aurar da 'yata ta fari da wannan tabo a jikina. Ta yi kuka, na bar ta ta yi har ta gaji. Da za ta tafi ta ce in raka ta wurin likita ranar Alhamis.

Asabar, 8 ga Maris

Likitoci sun yanke cewa Auta ta fara da kimo kafin tiyata, domin ƙullutun ya ragu. An yi mata na farko ranar 20 ga Fabrairu, kuma za a riƙa yi duk bayan mako uku. Tun a mota na gaya mata abubuwan da ni ban samu wanda ya gaya mini ba: cewa ɗaya daga cikin magungunan ja ne, mu kan ce masa jan ruwa, kuma fitsarinta zai yi ja na kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne, cewa ta sha maganin hana amai a kan lokaci ko da ba ta ji tashin zuciya ba, cewa gashinta zai fara zuba bayan mako biyu zuwa uku. Jiya ya fara zuba a kan matashin kai. Yaya Babba ta je gidan da almakashi da sabon ɗankwali, ta kori yara waje, ta rage mata shi da kanta tana ba ta labarin yadda nata ya dawo da laushi fiye da na da.

Abu mafi muhimmanci da muka yi a wannan wata shi ne sayen ma'aunin zafin jiki guda shida daga kuɗin adashinmu. Kimo yana karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan an yi shi. A wannan tsakani, zazzaɓin da ya kai 38 ba abin da za a ce maleriya ce a aiki yaro kemis ba ne, asibiti ake tafiya ko da tsakar dare. Sista ta kuma ja kunnenmu a kan nonon da ba a dafa ba, da kwaɗon ganye na talla, da cunkoson gidan biki.

Azumi ya kama tun 1 ga wata, kuma Auta ta ɗauki kwana biyu a ɓoye saboda kunyar a gan ta tana ci. Sai da muka zauna da ita muka tuna mata ayoyin Suratul Baƙara da suka yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, muka kuma nuna mata cewa jikin da ake zuba wa irin wannan magani yana bukatar ruwa mai yawa. Ta ajiye. Mu da muka gama magani kowa ta tambayi likitanta, ni dai an ce in mayar da ƙwayata zuwa bayan buɗe-baki.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zaman yau na ɗinki ne. Maman roba da ake sawa cikin rigar mama yana da tsada kuma ba a cika samunsa a nan ba, ga shi a zafin Afrilu yana sa gumi ya taru a kan tabo. Mata da yawa suna cusa tsumma, wanda yakan hau sama idan an sunkuya, har wata a cikinmu ta ce wannan ne ya sa ta daina zuwa sallar Juma'a. Mun gwada auduga zalla, ta yi rashin nauyi. Mun gwada gero, amma yana jan danshi kuma ba a iya wanke shi. A ƙarshe mun tsaya a kan aljihun yadi mai laushi cike da auduga, tare da 'yar jakar duwatsun ado a ƙasansa domin nauyi, sannan a ɗinka wa rigar maman aljihu daga ciki. Mun ɗinka tara.

Sista ta duba hannuwanmu ɗaya bayan ɗaya. Idan aka cire kaluluwar hammata, ruwan jiki yakan rasa hanyar komawa, hannun ya kumbura, wani lokaci bayan shekaru. Ta samu ɗaya daga cikinmu awarwaronta ya fara matse ta, ta ce ta cire shi, ta koma asibiti, kuma ta kula da duk wani yanka ko ƙuna a wannan hannu, musamman wurin girki.

Lahadi, 25 ga Mayu

Wannan shi ne wata mafi wuya tun da muka fara. Ranar 15 ga wata ya kamata a yi wa Auta kimo na biyar, amma ba ta zo ba, wayarta kuma a kashe. Na yi kwana uku ina kira, a na huɗu na hau Keke na je gidan, aka ce ta tafi ƙauye wurin iyayenta.

Da na same ta sai na fahimci abin da ya faru, kuma ina rubuta shi dalla-dalla domin kowace 'yar rakiya ta sa ido a kansa. Bayan kimo huɗu ƙullutun ya narke har ba a jin sa da hannu. Dangi suka ce Allah ya kawo sauƙi, a bar wahalar haka, mijin kuma ya riga ya sayar da babur ɗinsa, ba ya son ya furta cewa aljihu ya ƙare. Sauƙin da maganin ya kawo shi ne ya zama dalilin barin maganin, kuma Sista ta ce ta sha ganin haka, sai mace ta dawo bayan shekara ciwon ya fi na da.

Ban yi magana da mijin ni kaɗai ba, domin bai dace ba. Mijin Yaya Babba, Alhaji, shi ne ya je ya same shi bayan La'asar, suka zauna a zaure. Abin da aka ba ni labari shi ne, Alhaji bai yi masa faɗa ba, ya dai gaya masa cewa shi ma ya sayar da gona a lokacin ciwon matarsa, kuma ya kwatanta masa da ciyawa, cewa yanke ganyenta ba ya nufin saiwar ta mutu. Ya kuma yi masa bayanin asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021, wanda sankarar mama take cikin cututtukan da ya ƙunsa, kuma ana nemansa ta hannun asibitocin da aka keɓe. Mun taimaka da cike takardu, mun haɗa abin da ke cikin adashi, wata 'yar kasuwa da ba ta son a ambace ta ta cika sauran na wannan zagaye. Auta za ta koma ranar Alhamis. Daga yau mun ƙara doka: kowace 'yar rakiya ta riƙe kwanakin kimon wadda take rakiya a rubuce, ta kira ta kwana biyu kafin ranar, kuma ta tambaye ta maganar kuɗi ƙarara ba tare da kewaye-kewaye ba. Na kuma yarda cewa mun yi kuskure da muka bar maza a waje tun farko.

Asabar, 14 ga Yuni

Malama, wadda take koyarwa a makarantar firamare kuma aka yi mata aiki a 2022, ta sanar da mu cewa tana son a sake gina mata mama. Falon ya yi tsit. Wata ta ce mu gode wa Allah da ya bar mu da rai, wata ta tambaya ko wannan ba canza halittar Allah ba ne. Malama ta amsa da murya a sanyaye cewa shekarunta talatin da takwas, kuma tun da aka yi mata aiki ba ta taɓa tsayawa gaban madubi ba.

Ta riga ta yi tambaya kafin ta zo. Malamin da ta tambaya ya kawo mata hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Malamai sun kafa hujja da shi cewa mayar da gaɓar da ta salwanta magani ne, ya bambanta da ƙarin ado. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta zauna a Maleshiya a 2007 ta halatta tiyatar gyara irin wannan.

Sista ta yi mana bayanin hanyoyin. Akwai sa jakar silikon, wani abu mai laushi kamar roba, a ƙarƙashin fata ko tsoka, akwai kuma ɗauko tsoka da fata daga bayan mace ko daga cikinta a gina maman da su. Fatar da aka yi wa gashi takan yi tauri, kuma jakar silikon ita kaɗai ta fi kawo matsala a irin wannan fata, shi ya sa likitan Malama ya ba ta shawarar a ɗauko tsokar baya. Ta nanata cewa maman da aka gina ba ya jin taɓi kamar na asali, ba ya ba da nono, kuma sau da yawa aikin ba ya ƙarewa a tiyata ɗaya.

Ra'ayina, wanda na faɗa a wurin kuma nake maimaitawa a nan, shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban nemi a gina mini ba kuma ba ni da niyya, na saba da jikina yadda yake. Amma idan muka ce wa Malama godiya ta hana ta neman abin da zuciyarta take so, mun zama irin mutanen da suka ce mana mu haƙura da zuwa asibiti. An naɗa Yaya Babba ta raka ta.

Laraba, 23 ga Yuli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna, wadda ta fi mu shekaru kuma ciwon ya riga ya kai ƙashin bayanta tun kafin ta shigo cikinmu, ta rasu daren Litinin. Mun san ba warkewa ake nema mata ba, abin da muka sa a gaba shi ne kada ta kwana da raɗaɗi. 'Ya'yanta sun ji tsoron mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi da likita ya rubuta, suna ganin zai sa ta maye ko ya gaggauta ajalinta, sai da Sista ta zauna da su ta nuna musu yadda ake auna shi da lokutan bayarwa. Makonni ukunta na ƙarshe ta samu barci, ta yi sallah a kishingiɗe, ta yi wa jikokinta addu'a ɗaya bayan ɗaya. Allah ya gafarta mata, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na yi kuskure a nan. Na sa sanarwar rasuwar a zaurenmu na WhatsApp da asuba, Auta ta gani ita kaɗai a ɗaki, kwana goma sha biyu bayan kimonta na bakwai. Ta kira ni tana cewa ita ma haka za ta ƙare. Na je na zauna da ita har azahar, na bambance mata matakin ciwonta da na Inna kamar yadda likitanta ya faɗa a gabana. Mun yanke cewa daga yanzu labarin rasuwa ba zai shiga waya ba sai kowace mai magani ta ji shi daga bakin 'yar rakiyarta.

Asabar, 13 ga Satumba

An yi wa Auta tiyata ranar Talata ta makon jiya, an cire maman dama da kaluluwar hammata. Ta dawo gida da robar da ke fitar da ruwa daga wurin aikin, mun ɗinka mata 'yar jakar rataya domin kada ta ja ta cikin barci, kuma mijinta ne yake auna ruwan kowace safiya yana rubutawa a bayan kalanda. Ranar da aka buɗe bandeji ta ce ba za ta duba ba sai ina wurin. Ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce, “Yaya, nawa ya fi naki tsawo.” Na ce mata zai dushe. Yatsunta har yanzu suna mata dindiris saboda kimon ƙarshe, maɓallin riga yana ba ta wuya, amma likita ya ce yakan ragu a hankali. Ta fara motsa hannu yadda aka koya mata, tana tafiya da yatsu a jikin bango, mun kuma ja layi da alli a inda ta kai domin ta riƙa ganin ƙaruwar.

Malama ma ta dawo bayan aikinta. Bayanta ya fi ƙirjinta ciwo, kuma ruwa ya taru a wurin da aka ɗauko tsokar har sai da aka zuƙe shi sau biyu. Ta ce ba ta yi nadama ba. Ta ba da izinin duk wadda take tunanin wannan aiki ta zo ta gani da idonta, tabon gaba da na baya duka, kafin ta yanke shawara.

Asabar, 25 ga Oktoba

Da yake Oktoba watan wayar da kai ne a kan sankarar mama, mun je ajin matan aure na wata Islamiyya. Mun gaya musu su san mamansu, su lura da ƙullutu ko da ba ya ciwo, da kan mama da ya shige ciki, da jini daga gare shi, da fatar da ta koma kamar ɓawon lemo. Bayan an tashi mata uku suka tsaya a baya, ɗaya ta ja ni gefe ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Sista za ta kai su asibiti ranar Litinin.

Yanzu mu goma sha shida ne, 'yan rakiya bakwai, kuma aikin ya fara yi wa wasunmu nauyi, musamman bayan rasuwar Inna. Mun amince kada kowa ta raka fiye da mace biyu a lokaci ɗaya.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Gobe Auta za ta tafi gashi. A Arewa sassan gashi suna manyan asibitoci ne, irin na Zariya da Sakkwato da Gombe da Abuja, kuma da yake ana yin sa kwana biyar a mako har tsawon makonni, dole mace ta tare a garin. Mun samo mata masauki a gidan ƙanwar Malama, surukarta kuma, wadda ta ce daji ba ya son ƙarfe, ita ce ta karɓi riƙon yaran. Na gaya mata kada ta goge alamar da za a zana mata a fata, ta sa riguna masu laushi, kada ta shafa komai a wurin sai ta tambayi ma'aikatan. Gwajin tsokarta ya nuna ciwon irin wanda sinadarin jikin mace yake ciyarwa ne, saboda haka za ta sha tamoksifen aƙalla shekara biyar, kuma likita ya yi musu bayani ita da mijinta cewa ba a ɗaukar ciki a kansa.

Da na je yi mata sallama na tarar layin allin ya wuce tsayin kanta. Ta tambaye ni ko bayan ta dawo za a ba ta ɗaya daga cikin matan Islamiyyar nan ta raka. Na ce mata sai ta huta wata shida tukuna, amma na rubuta sunanta. Motarsu za ta tashi ƙarfe bakwai na safe domin su isa da rana, kuma zamanmu na gaba ranar Asabar ne, 13 ga Disamba, inda za mu duba maganar asusun kuɗin mota da ta zaman maza da Alhaji ya ce zai kira.